Wanda ya zagaye dillali ya sayi gida, da bashi ya tare



Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya buɗe wa bayinSa ƙofofin neman halal, Ya kuma yi musu iyaka a kan dukiyar junansu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaidi amanarsa a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure, na Tasawa da Maijirgi da Korgom da Urafan, na Mayahi da Kanambakashe da Sarkin Hausa da Isawane, da ƴaƴanmu da ke ci-rani suna karanta mu daga nesa: maganar yau a kan wani haƙƙi ce da ake takawa a garuruwanmu da rana tsaka, kuma mafi yawan masu taka shi ba ɓarayi ba ne a idon jama'a. Masu sahun gaba ne a masallaci, wasu ma sun je Makka sun dawo. Haƙƙin nan shi ne la'adar dillalin gida da fili.

Ga yadda abin yake tafiya, kuma da wuya a sami wanda zai ce bai taɓa ji ba. Mutum ya tara ɗan abin da ya tara, yana son gida ko kango ko fili, amma bai san mai sayarwa ba, sai ya kira dillali. Dillali ya goya shi a moto, da esansin aljihunsa, su shiga wannan unguwa su fita waccan, yau da gobe, wani lokaci har wata guda. Ya nuna masa gida biyar ko shida. Ya gaya masa wanda ruwa ke kwanciya a ƙofarsa da damina, da wanda magada ba su gama sasantawa a kansa ba, da wanda mai shi ke cikin matsi zai iya sassautawa. A ƙarshe su zo kan wanda ya kwanta masa a rai. Ya leƙa ɗakuna, ya ƙwanƙwasa bango, ya tambayi sunan mai gidan kamar da wasa. Daga nan sai ya yamutsa fuska ya ce bai yi masa ba, ko ya ce kuɗin ba su kammala ba, a bari sai bayan kaka. Dillali ya koma gida da ƙura a rawani. Bayan sati biyu mai sayen ya aiki ƙanensa ko surukinsa wurin mai gida da dare: ga mu mun zo da kanmu, ba kowa a tsakani, ka rage mana abin da za ka ba dillali, mu ma mu huta da namu. A taya, a sallama, a ba da kafin alƙalami. Dillali ba ya jin labari sai ranar da ya wuce ya ga ana yaɓe ko ana sauke kaya.

Sannan a dafa tuwo a kira malamai su yi addu'ar tarewa.

Masu wannan aiki wayo suke kiransa. Shari'a tana da sunayen da ta ba shi: ƙarya a farkonsa, yaudara a tsakiyarsa, cin gumin ma'aikaci a ƙarshensa. Imamul Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, hadisi ƙudusi da ya lissafa mutum uku waɗanda Allah da kanSa zai zama abokin shari'arsu ranar alƙiyama, na ukunsu kuwa shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya amfana da aikinsa cikakke, sannan ya hana shi ladansa. Duk wanda ya karanta hadisin nan yakan tuna da birkila da lebura da ɗan ƙwadagon da ya yi masa noma. Ba ya tuna dillali, don shi dillali ba a ganin laka a hannunsa.

A nan tushen ruɗun yake. Mutane suna ganin dillali bai yi kome ba sai magana. To me kake nema ranar da ka kira shi? Garuruwanmu sun faɗaɗa, gonakin bakin gari sun zama filayen gini, gidajen gado suna fitowa kasuwa ba tare da shela ba, domin babu mai son a ji yana sayar da gidan ubansa. Wanda ya yi shekara uku a Agadas ko Libiya ko Aljeriya ko Kano, ko wanda ya dawo daga haƙar zinariya a Jado, ya iso da kuɗi a ɗaure amma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Dillali ya sani. Ya san ta ne da zaman majalisa da zuwa suna da jana'iza da yawon shekaru, da kiran waya da ya ƙone kuɗinsa a kai sau ɗari ba tare da an yi ciniki ba. Wannan sanin shi ne hajarsa, kamar yadda gero yake hajar mai gero. Bambancin kawai, in ka auni gero ka fasa saye kana iya juye shi cikin buhu. Amma in an nuna maka gida an gaya maka mai shi, ba ka da hanyar mayar da abin da ka ji. Ka riga ka karɓi kaya. Shi ya sa zagaye dillali ya fi kama da mutumin da ya shiga rumfar mai fura ya sha ya ƙoshi, sannan ya ce ai ɗanɗanawa ya yi.

Dillanci sana'a ce da Musulunci ya tarar kuma ya tabbatar. Ƙaisu ɗan Abu Garaza, Allah Ya yarda da shi, ya ba da labari cewa a zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ana kiransu dillalai, sai Annabi ya kira su da suna mafi kyau, ya ce da su ƴan kasuwa, ya kuma hore su da su riƙa gauraya cinikinsu da sadaka saboda rantsuwa da maganar banza da ke shiga ciki. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun fitar da shi. A cikin Sahihul Buhari, littafin ijara, akwai babi sukutum a kan ladan dillanci, inda ya ambaci Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahimun Naha'i da Hasanul Basari cewa ba su ga laifi a kansa ba, ya kuma kawo a wurin maganar Annabi da ke ɗaure Musulmi a kan sharuɗɗan da suka ƙulla. Malaman fiƙihu sun sa mafi yawan aikin dillali a babin ji'ala, wato ka yi wa mutum alkawarin lada sananne in ya kawo maka sakamako. Daga cikin hujjojinsu akwai aya ta 72 a Suratu Yusuf, inda aka yi shelar kayan raƙumi guda ga wanda ya zo da ma'aunin sarki. Mazhabarmu ta Malikiyya ta ba sha'anin muhimmanci har wani malamin ƙasar Tunis na ƙarni na huɗu bayan hijira, Abul Abbas al-Ibyani, aka tattara amsoshinsa a littafi guda kan mas'alolin dillalai kaɗai. Shekara dubu da suka wuce ana zaunawa a yi wa la'ada hukunci. Yau a Tasawa ana ce mata goro, in an ga dama a bayar.

Hujjar farko da mai saye ke kawowa ita ce ba a rubuta kome ba. Gaskiya ne, ba a rubuta ba, kuma da an rubuta da ya fi, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Amma rubutu shaida ne a kan haƙƙi, ba shi ke haifar da haƙƙin ba. Aya ta farko a Suratul Ma'ida da ta umurci muminai da cika ƙulle-ƙullensu ba ta ware na baki ba. Wanda ya ce wa mai wanki ga tufafina, bai ambaci kuɗi ba, zai iya karɓar kayansa a goge ya ce ai ba mu yi jinga ba? Ƙa'ida ce sananniya a wurin malamai cewa abin da al'ada ta tabbatar yana zaman sharaɗi ko ba a furta shi ba. Ka san mutumin nan dillali ne, da wannan yake ciyar da iyalinsa, don haka ma ka kira shi. Ranar da ka hau bayan motonsa kun ƙulla. In kuwa an je gaban mai unguwa ko fadar sarki ka musanta, babu shaida, aka ba ka gaskiya, to ka tuna hadisin Ummu Salama da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, wanda ya yi gargaɗi cewa wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa saboda iya bakinsa, yankin wuta aka yanka masa.

Hujja ta biyu ta masu ɗan karatu ce, kuma ita ta fi haɗari domin da littafi ake kawo ta. Sukan ce ai Risala ta Ibnu Abi Zaidin al-Ƙairawani, wadda muka karanta a zaure tun muna yara, ta ce mai aikin ji'ala ba ya da kome sai ya kammala aiki. Dillali bai kammala cinikin ba, mu muka kammala da kanmu, saboda haka ba ya da kome. Lallai haka hukuncin yake a Risala. Sai dai a yi tambaya ɗaya: wa ya hana shi kammalawa? Hukuncin yana magana ne a kan wanda ya nema bai samo ba, ko ya gaji ya bari. Dillalin da ya yi wata yana yawo da kai ba ku sami gidan da ya yi maka ba, ka haƙura da sayen gaba ɗaya, wannan ba ya bin ka la'ada, kuma shi ma ya sani, haka sana'ar take. Amma wanda ya kai ka har bakin ƙofa, kai ka janye shi da ƙarya don ka shiga kai kaɗai, ba shi ya bar aiki ba.

Su masu kafa hujja da Risala su ɗan ƙara gaba zuwa Muhtasar na Shaihu Halil da sharhohinsa. A can an bayyana cewa kowane ɓangare yana iya fasa ji'ala kafin a soma aiki, amma da zarar ma'aikaci ya soma, to ta lazimci wanda ya sa aikin, ba ya da ikon warware ta. An kuma bayyana cewa ko da ma'aikacin ne da kansa ya ajiye aiki a tsakiya, in mai aikin ya sa wani ya ƙarasa ya amfana da abin da na farko ya yi, sai ya biya na farkon gwargwadon aikinsa. Masu sharhi suna buga misali da wanda aka sa ya kai itace wani wuri, ya kai rabin hanya ya ajiye, mai itacen ya ɗauki wani ya ƙarasa masa. To in wanda ya yar da kaya a hanya da son ransa yana da rabo, ina ga wanda aka ƙwace kayan daga kansa saura taki uku? Dabarar kauce wa haƙƙi ba ta kayar da haƙƙi. Alƙur'ani ya ba mu labarin mutanen wani gari na bakin teku a Suratul A'araf, waɗanda aka hana kamun kifi ranar Asabar, malaman tafsiri kuma suka bayyana dabarar da suka ƙirƙira don su kewaye hanin. Kowa ya san ƙarshensu. Aika ƙane ko suruki ya sayi gidan da sunansa, daga baya a juya takarda, daga wannan ƙwaryar aka ɗebo shi.

Akwai kuma mai cewa la'adar kashi cikin ɗari ba ta inganta a mazhaba. Wannan magana tana da asali, kuma ya kamata dillalai ma su ji ta. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya halatta a ce wa mutum in ka sayar da wannan a kan kuɗi kaza kana da lada kaza, in ba ka sayar ba ba ka da kome. Amma ya ƙi a ce masa kana da kaza a cikin kowane dinari, saboda ladan yana hawa yana sauka da farashi, ba a san iyakarsa ba lokacin ƙullawa. Wasu malamai na wasu mazhabobi, da da yawa daga malaman wannan zamani, sun halatta kason. Mafita mai sauƙi ita ce a yanke adadi tun farko: in an sayi gidan nan, la'adarka jikka kaza. Amma a ce don ƙullin ya sami tangarɗa sai dillali ya tashi hannu wofi, wannan ba fiƙihu ba ne. Su malaman da suka ce ƙullin ya ɓaci, su ne suka ce in aikin ya tabbata sai a biya ladan da aka saba biyan irinsa. Abin mamaki, mai wannan hujja bai tuna da Muwaɗɗa ba ranar da ake yawo da shi cikin rana. Sai da lokacin biya ya zo ya zama faƙihi.

Wani kuma ya ce la'ada a kan mai sayarwa take, ni mai saye ina ruwana. A duba wa ya sa aikin. In kai ka nemi dillali ka ce ya nemo maka gida, ma'aikacinka ne, ladansa yana wuyanka sai in an sharɗanta wani abu daban. In mai gida ne ya ba shi gidan ya nemo mai saye, ladansa yana wuyan mai gida. In kuwa al'adar garin ta gudana a kan kowane ɓangare yana ba da nasa, ana bin al'ada. Ko dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar take cikin ƙasashen da ke aiki da ita, a kan haka ta tafi: wanda ya ba dillali umurni shi ke biya, kuma dillali yana cancantar ladansa da zarar bayanin da ya bayar ko sasantawar da ya yi ta kai ga ƙulla ciniki. Ku lura, bayanin da ya bayar ma ya isa. To amma mu ɗauka la'adar duka a kan mai gida take. Shin ka kuɓuta? Kai ne ka je masa da dare ka ce a fitar da dillali a rage maka. Ragin nan da ka samu, daga ina ya fito? Gida na miliyan 4, an yi da dillali a kan jikka 100, mai gida ya rage maka jikka 60 ya riƙe 40. Ba mai gida ya yi maka alheri ba, kuɗin dillali kuka raba. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka, ta 29 a Suratun Nisa'i kuma ta sa yardar juna sharaɗin halaccin ciniki. Ku biyu kun yarda. Na ukun da aka ci kuɗinsa fa?

Sai babbar hujja, wadda ake faɗa da ɗaga murya: ai dillalai maƙaryata ne. Ba za mu rufe ido ba. A cikinsu akwai mai ɗora kuɗi a kan abin da mai gida ya faɗa ya cinye a ɓoye, sannan ya karɓi la'ada a kai. Akwai mai kawo ɗan kore ya taya da tsada ba da niyyar saye ba, abin da Annabi ya hana a hadisin Ibnu Umar da Buhari da Muslim suka fitar. Akwai mai ɓoye aibin gida, da mai nuna fili guda ga mutum biyu, da mai cin kuɗin gwauruwa da marayu don ba su san farashi ba. Ibnu Abbas ya fassara hanin da aka yi wa ɗan birni ya sayar wa baƙauye da cewa kada ya zama masa dillali, malamai kuma suka yi bayanin cutarwar da ake gudu a ciki. Duk wannan gaskiya ne, kuma dillalin da ke karanta wannan ya sani cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: la'ada ladan gaskiya da nasiha ce, wanda ya ci amana ya zubar da hujjarsa da hannunsa. Amma laifin wani dillali a Maraɗi ba ya halatta maka kuɗin wannan da ke gabanka a Mayahi. In wannan ɗin ne ya cuce ka, ka kama shi da hujja, ka kai shi gaban manya ko sarkin dillalai, a warware a fili. Wanda ya yi shiru har aka kai shi gidan da yake so, sannan ya tuna dillalai ba su da gaskiya, ba gaskiya yake nema ba.

Abin kunyar ma, a kasuwar dabbobi ba mai yin haka. Je kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ranar da take ci, ka ga an sayi akuya. Kafin a ja igiya an cire la'ada, kowa ya san wanda zai bayar, ba gardama. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, da waɗanda suka kai shanu Kumasi da Sabo ta Badun, a kan fatoma da dillali suka gina kasuwancinsu. Baƙo yakan sauka garin da bai san kowa ba, ya miƙa dukiyarsa a hannun mutumin da ba su haɗa dangi ba, a sayar, wani lokaci bashi, kuɗi kuma su dawo, ba takarda ba hatimi. Abin da ya riƙe wannan duka shi ne kowa ya san in ya ci la'adar wani sau ɗaya, sunansa ya mutu daga nan har bakin teku. Mun kiyaye wannan a kan akuya, mun zubar da shi a kan gida, don kuɗin gida sun fi yawa kuma gida sau ɗaya ake saye, mai saye yana ganin ba zai sake buƙatar dillalin ba.

Don kada a ɗauka kowane mai saye bashi ke kansa, a rarrabe. Wanda maƙwabcinsa ya ce masa zan sayar da gidana, suka daidaita tsakaninsu, ba dillalin da ya shiga, ba ya bin kowa kome, kuma dillalin da ya zo daga baya yana cewa ai unguwata ce ba ya da haƙƙi. Saye kai tsaye halal ne, Shari'a ba ta tilasta wa kowa dillali ba. Wanda ya riga ya san gidan yana kasuwa, har ya taɓa magana da mai shi, sannan dillali ya kawo shi wurin, shi ma yana da hanya, amma da sharaɗin ya faɗa nan take a bakin ƙofa: wannan na san da shi, kada ka lissafa mini shi. In ya yi shiru ya bari dillali ya shiga ya fita yana sasanta farashi, ya karɓi aiki. Haka wanda ya fasa da gaske, ba da dabara ba, aka daɗe, farashi ya sauya, wani dillali daban ya sake buɗe maganar ya wahala a kanta: wannan mas'ala ce da za a kai gaban malami a duba aikin kowanne, ba mai saye zai yanke wa kansa hukunci a cikin ɗakinsa ba. Ma'aunin da kowa zai iya auna kansa da shi kuwa guda ne. Ranar da ka ce wa dillali bai yi maka ba, har zuciyarka bai yi maka ba?

Wanda bai riga ya saya ba, aikinsa kaɗan ne. Kafin ya hau moto ya tambaya: nawa ne la'adarka, wa zai biya, kuma esansi a kan wa yake in ba a yi ciniki ba? A faɗa gaban mutum biyu, ko a rubuta a saƙon waya, wanda yanzu ba ya gagarar kowa. In yana aiki da dillali fiye da ɗaya ya sanar da kowannensu, kada ya karɓi labari a wurin wannan ya kai wa wancan don ya fi arha. Ranar biyan kuɗi a kira dillali ya zauna a majalisin, a ba shi nasa a nan, kada a ce ya dawo jibi, jibi ta zama bayan salla. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa jinkirin mawadaci wurin biyan bashi zalunci ne, wanda ya iya ƙirga miliyoyi a zama ɗaya kuwa ba zai ce shi matalauci ne a kan jikka ɗari ba.

Muna kuma kira ga masu unguwanni da limamai da dattawan da ake kira shaida. Tun da dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta zo da hukumomin kula da filaye da muke ce wa Kofo, mutanenmu sun soma sabawa da takardar shaidar sayar da gona, a cikin gari kuma ana bin ma'aikatar magajin gari don takardun fili. Kafin a sa hannu ana tambayar iyaka, ana tambayar magada, ana tambayar ko akwai jingina. A ƙara tambaya ɗaya: akwai dillalin da ya shiga wannan magana, an sallame shi? Tambayar ba ta cin minti guda. Malamin da aka kira addu'ar tarewa shi ma yana da bakin yin ta, kuma ya fi kowa cancanta, tunda albarka aka kira shi ya roƙa.

Saura wanda ya riga ya aikata, yana zaune a gidan yau, ƴaƴansa suna wasa a tsakar gida. Cinikin gidan ya inganta, gidan nasa ne, sallarsa a ciki ta yi. Amma akwai bashi a kansa, kuma istigfari kaɗai ba ya sauke haƙƙin ɗan Adam. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi kome ban da bashi. Buhari ya ruwaito daga Salama ɗan Akwa'u cewa an kawo gawa Annabi ya ƙi yi mata salla saboda dinari uku da ake bin mamacin, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Dinari uku.

Sai ya nemi dillalin ya ba shi abin da suka yi da shi. In ba su yanke adadi ba, ya tambayi dillalai biyu amintattu abin da aka saba bayarwa a irin wannan gida a shekarar da aka saya, ya biya hakan. In la'adar a kan mai gida take shi kuma ya ci ragi, ya mayar da abin da ya ci, ya kuma tunatar da mai gidan nasa kason. Kada ya miƙa rabi ya ce ga goro, ya bar mutumin yana godiya a kan abin da yake nasa ne. Ya faɗa masa adadin gaskiya, in dillalin ya yafe wani abu bayan ya sani, yafewar ta yi. Wadda aka karɓa da ɓoye adadi ko da kunyar idon manya ba a dogara da ita. In dillalin ya rasu, kuɗin na magadansa ne, a kai musu a raba yadda ake raba gado, ba a yi sadaka da su alhali ƴaƴansa suna nan a gari. Sai in an nema an rasa shi an rasa magadansa, sannan a yi sadakar da niyyar ladan ya je masa, kuma in ya ɓullo daga baya yana da zaɓi tsakanin ya amince da sadakar ko a biya shi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.